Cibiyar Maigida a Bakin Gyale

Da sunan Allah nake farawa, shi ya kai ni, shi ya dawo da ni.

Tun da na sauka daga Santambul ban sha shayi da zafinsa ba. In na zauna a harabar Haramin Madina bayan la'asar, matan unguwar Ƙurban sun kewaye ni. In na leƙa Aziziyya sayen kuka, mai kanti ya bar awo ya dafa haɓa. "Hajiya Kaltume, yaya ƙasar Turkawa? Da gaske agwagwa ta kore ki?" Na faɗa har murya ta dushe, kuma duk wadda ta kai labarin gaba sai ta ƙara masa gishiri, har na ji an ce wai kura ce. Shi ya sa na ce wa maƙwabciyata Malama Zainabu ta ɗauko alƙalami. Ni ban yi boko ba, allon ma iyakata abin salla. Baki nawa, hannu nata. Ku gyara zama.

Safiya jikata ce, ni na raine ta tun uwarta ta rasu. Ta auri Abdulkarim, yaron kirki ɗan Damagaram, mai yin tafinta a wani asibiti a Santambul. Da za su tafi, cewa aka yi ba za su daɗe ba. Ana nan sai wurin aikinsa suka ce ya zauna dindindin. Safiya ta ce ita ba ta amsa ba sai Habboba ta sa albarka, wato ni, haka jikokina ke kirana irin na mutanen Sudan. Ni kuwa na ce ban sa ba. Wa ke barin garin Manzo ya je ya yi gida inda ruwa ke daskarewa?

Da watan haihuwarta ya kama, na ɗaura niyya biyu. Ta farko wankan jego. Ta biyu cibiya. 'Ya'yana da jikokina duka, cibiyarsu na gindin dabino ɗaya a wata gona bayan Ƙuba, inda marigayi maigidana ya yi aiki har ƙarfinsa ya ƙare. Mu a wurinmu, inda aka binne cibiyar mutum nan zuciyarsa ke jansa. Na ce in ta faɗi zan ƙulle ta in kawo ta Madina. In cibiya ta zo, yaro zai biyo ta, uwa ta biyo yaro, uba ya biyo su yana huci. Ban ɓoye wa kowa ba.

Ɗana Usman ya yi mini takardar fita da dawowa a cikin wayarsa, ya duba iƙamata, wato takardar zama, ya ce da sauranta. Na haɗa kaya: gero, kanwa, daddawa, busasshen ganyen darbejiya, dabinon ajwa, da muciyar kakata wadda ta taka ƙasa da ita tun daga ƙasar Haɗeja. Ita na riƙe a hannu. A filin jirgin Madina wani yaro mai kaki ya juya ta sama da ƙasa.

"Ya Hajja, wannan mamnu', an hana. Sanda ce."

Na ce, "Ɗana, wannan ta tsallake Chadi da Sudan da Bahar Maliya, ba ta taɓa dukan kowa ba sai tuwo."

Ya yi dariya, amma dai cikin shanta, jakar kaya, ta kwana.

A jirgi aka zaunar da ni kusa da wata tsohuwa Baturkiya mai dawowa daga umra. Ba na jin nata, ba ta jin nawa. Na nuna ƙirjina na ce, "Madina." Na yi alamar barci, na yi alamar girki. Da ta gane a can nake zaune, sai ta kama hannuna ta sumbata ta ɗora a goshinta, hawaye shar. Kunya ta kama ni, don hannun nan da safe albasa ya yanka. Ta ciyar da ni zaitun da gurasa har muka sauka. Na ce a raina, kun gani, su ma Madina suke kuka, ita kuma wannan yarinya tana son baro ta.

A filin jirgin Santambul kare suka sako wa kaya. Ya wuce shantar kowa, ya zo tawa ya zauna. Na ja da baya ina a'uzu, kada yawunsa ya taɓa mini tufa. Jami'in ya buɗe, ya ɗago dunƙulen kanwa, fari fat, ya kira abokinsa, abokin ya kira wani. Na ga abin zai yi nisa. Sai na rungume iska kamar jariri, na yi damun kunu da hannu, na kurɓa. Babbansu ya ɓantari kaɗan ya ɗora a harshe. Fuskar da ya yi, in na tuna ko a salla sai na yi istigfari. Bai daddara ba, ya kwance ƙullin daddawa. Nan take ya mayar ya ɗaure da kansa, ya ja zik, ya nuna mini ƙofa da hannu biyu.

Gidan su Safiya can sama yake, a wani dogon bene marar na'urar hawa. Na hau ina hutawa ina salati. Ɗaki biyu ne da ɗan falo, tsaf. Amma abin da idona ya fara gani, kwalaye jere a jikin bango, an rufa musu zane. Kayan ɗakinta ne da na saya mata a kasuwa da hannuna, tukwane da kwanuka da labule, ko igiyar ba a kwance ba. Da tukunya ɗaya take girki, tagar kuma jarida aka manna mata.

Na ce, "Ke, wannan fa?"

Ta ce, "Ai ba mu zauna ba tukuna, ya Habboba."

Na ce madalla. Har na ji daɗi.

Ba a jima ba Safiya ta sauka lafiya, namiji. Aka sa masa sunan marigayi mijina, don haka ba za ku ji sunan a bakina ba. Maigida nake ce masa.

Wankan farko, na tafasa ruwa da darbejiya har tururi ya cika gida. Sai wani abu a rufin ɗaki ya ɗauki ihu kamar an taka wutsiyar kyanwa. Maƙwabta suka fito da bokitai. Wadda ta riga kowa shigowa Fatuma ce, Baturkiyar da ke ƙasa, mace mai jiki mai murya. Ta ga ba gobara, ta ga mai jego ja wur tana tururi, ta dafe kai. Washegari ta dawo da wani jan abin sha mai kanumfari da kirfa, wai shi suke ba mai jego, da jan ƙyalle ta ɗaura wa Safiya a ka. Na ɗanɗana, ba laifi, amma ba ya riƙe ciki. Na ba ta kunun kanwa. Ta sha, ta miƙo kofi a ƙara. Daga ranar muka ƙulla. Su ma ashe arba'in suke yi, mai jego ba ta fita. Sai dai shayinsu ba madara, a ɗan kofi mai ƙugu kamar na wasan yara, kuma kyanwa a garin nan ta fi mai unguwa daraja, a kan kujera take kwana a ƙofar masallaci ba mai cewa tashi.

Ranar da cibiya ta faɗi, ni na tsince ta a cikin zanen goyo. Na naɗe ta a auduga na ƙulle a bakin gyalena. Abdulkarim na kallo.

Ya durƙusa ya ce, "Kaka, da an bar mana ita nan."

Na ce, "A binne ta ina? A cikin siminti?"

"Akwai ɗan fili a bayan gida."

"Filin ubanka ne na Damagaram?"

Ya sunkuyar da kai yana murmushi, yaron ba ya musu da babba. Safiya ta juya fuska bango ta ce, "Halas, ya Abdu, bar ta." Daga nan ba wanda ya sake tayar da maganar, amma tana nan zaune tare da mu a kan tabarma, kullum da ita ake cin tuwo.

Da aka yi arba'in, saura kwana kaɗan in koma, Abdulkarim ya aro mota ya ce za a kai mai jego ta sha iska. Muka hau wata gada a kan teku, na rufe ido har muka sauka. Muka bar benaye, muka shiga daji kore shar, har muka iso wani ƙauye mai gidajen katako da shingaye. Sunansa ya fi ƙarfin harshena, amma Abdulkarim ya ce ma'anarsa ƙauyen mutanen Bolanda, wadda 'yan boko ke ce wa Poland. Na ce me ya kawo Bolanda cikin Turkiyya? Ya ce shi ma iyakarsa cin ƙwai a nan, bai taɓa tambaya ba.

Mutanen birni na zuwa can karin kumallo a lambunan gidaje. Muka shiga wani, aka shimfiɗa mana a gindin wani ƙaton itace, mutum uku ba sa rungume shi. Da na ga coci a hanya na ja kunnen Abdulkarim ya tambaya mini abin da ke cikin tukunya. Ya dawo ya ce zuma ce da kirim ɗin madara da ƙwai da cuku, ba abin da ya taɓa yin gurnani. Na ci, kuma gaskiya zumar nan ta isa.

Na tashi in wanke hannu a famfon bayan gida. To, a nan ne. Agwagwa ce, amma irin mai dogon wuya da Larabawa ke ce wa wizza, fara, tsayinta ya kai ƙuguna. Ta dube ni, na dube ta. Na yi mata sallama irin ta mutunci. Sai ta miƙe wuya ta yi huci, ta cafki ƙullin da ke lilo a bakin gyalena, ta ja. Na ja. Ta buɗe fukafukai ta ja. Jama'a, ban gudu ba, duk wadda ta ce na gudu ta ji tsoron Allah. Zagaya famfo na yi, ita ma tana zagayawa, ina riƙe da gyale hannu biyu ina kiran, "Abdulkarim! Za ta haɗiye Maigida!"

Kafin ya iso, wata tsohuwa ta fito daga kicin da tsintsiya mai dogon hannu, ta daka wa agwagwar tsawa da wani yare. Ta saki. Ƙullin na nan, sai dai gyale ya huje. Safiya ta iso da jariri a kafaɗa tana dariya har da hawaye, rabon da in ji dariyarta haka tun tana budurwa.

Tsohuwar ita ce mai gidan. Sunanta Halina, na ce mata Halima, ba ta ƙi ba. Sa'ata ce ko ta ɗan girme ni, idonta kamar ruwan kwalba, hannunta kuwa irin nawa, duk kanta. Ta zaunar da ni, ta kawo shayi, ta tambayi Abdulkarim wane irin zinariya ce a ƙullin da na yi wa wannan kokawa. Ya faɗa mata gaskiya, har da inda zan kai ta da dalili. Ta daɗe tana kallona. Sannan ta dafa itacen da muke ƙarƙashinsa ta fara magana, yana juya mini.

Ta ce a zamanin da, ƙasarsu na nan da sarautarta, sai manyan maƙwabta uku suka yi watanda da ita, kowa ya ɗauki kasonsa, har sunanta ya ɓace. Mazajensu suka tashi suka yi yaƙi, aka ci su. Wasu suka watsu cikin duniya. Wasu aka sa su sojan maƙiyi dole, suka tsere. Wasu aka kama su bayi a duwatsu, sai fanso su aka yi. Wani basarakensu da ke gudun hijira ya samo musu wannan daji a hannun wasu limaman Kirista, Sarkin Santambul kuma ya bar su su zauna. Na ce waɗannan sarakunan na san aikinsu, su suka gina mana masallacin Anbariyya da tashar jirgin ƙasa. Ta ji daɗi da na sani.

Ta ce 'yan tsiraru ne suka fara zuwa, kuma abin da suka tarar ƙaya ce da sarƙaƙiya. Hannun da ya saba da bindiga aka ba gatari. Su sare, su ƙone, su shuka, aladun daji su zo su tone. Sanyi ya kashe wasu, zazzaɓi ya kashe wasu. Da kyar suka kai ga shanu, suka riƙa kai man shanu da ƙwai birni a kan doki. Suka gina ɗakin ibada, suka ware maƙabarta.

"Amma kakan kakana," in ji ta, "ya hana a dasa itace a gidan nan."

Na ce a tambaye ta dalili.

Ta ce cewa ya yi itace na mai zama ne, su kuwa baɗi za su koma gida. Abin da za a girbe a shekara kawai yake shukawa. Akwatinsa a ɗaure, takalmin tafiyarsa a shafe da mai a bayan ƙofa. Baɗi ta zo, ya ce baɗi. Matarsa ta gaji da shanya 'ya'ya a rana, ta saci jiki ta tura ƙwallon jauz a bayan garken shanu, wannan mai ɓawo da cikinsa kamar ƙwaƙwalwa. Bai lura ba sai da ya kai ƙirjinsa. Ya ɗauko gatari. Ta tsaya a gaba ta ce in sun tafi wani ya sha inuwar, in ba su tafi ba fa? Ya yi kwana da kwanaki ba ya mata magana, amma bai sare ba.

"Ƙasar ta dawo?" na tambaya.

Ta ce ta dawo, bayan ya daɗe a maƙabartar can. Wasu suka koma, wasu suka zauna. Yanzu ma saura kaɗan, matasa sun watse, jikokinta in ta yi musu yarensu da Turkanci suke amsawa. Na dubi Safiya mai amsa mini Hausa da Larabci, ta dubi sama. Halima ta ce ita ma ta je Bolanda sau ɗaya da tsufanta. An karɓe ta hannu biyu, amma in ta buɗe baki sai su yi ta murmushi, wai maganarta irin ta kakannin kakanni ce. Na ce wallahi haka alhazan Kano ke yi mini a Harami. Ta ce sati bai cika ba ta fara tunanin wa ke ba agwaginta abinci.

Muka yi dariya. Amma ni wani abu ya taso mini da na daɗe ban tuna ba.

Kakana ya baro ƙasar Haɗeja da ƙafa zai je hajji. Guzuri ya ƙare a Sudan, a bakin kogi, ya tsaya noma ya tara na gaba. A can aka haifi ubana, a can aka haife ni. Har ya mutu bai yarda an yi ginin ƙasa a gidanmu ba, sai bukkar ciyawa. In an yi magana ya ce, "Mu matafiya ne." Mutumin kirki ne, Allah ya ji ƙansa, niyyarsa kuma Allah ya karɓa. Amma ni na san abin da na sha. Damina ta yi, mu yara mu takure a lungu ɗaya ruwa na ɗiga mana a ka. Rani ya yi, ba inuwar da za a shiga, sai ta maƙwabta. A gidanmu ba a sami wadda ta saci jiki ta tura ƙwallo a bayan garke ba.

Na ɗaga kai na dubi rassan nan, sun rufe mu duka har da teburan baƙi. Sai jaridar da ke manne a tagar Safiya ta faɗo mini a rai, da kwalayen da na ce wa madalla.

Da za mu tafi na ba Halima ajwa, ta cika mini leda da jauz. Ta rungume ni, tana warin hayaƙi da madara kamar uwata. Agwagwar na bakin shinge tana hararata, ni ma na rama.

A mota na zuba wa taga ido. Safiya ta ce, "Habboba, ko ƙafar ce?" Na ce ba ƙafa ba ce.

Da safe bayan mun karya na ce, "Abdulkarim, filin nan na bayan gida, na wa ne?"

Ya ajiye kofi a hankali. Ya ce na masu benen ne duka, amma Fatuma ke kula da shi, har tana da ɓaure a ciki. Sai ya yi sauri ya ƙara da cewa, "Kaka, in kin fi so, akwai babbar tukunyar fure a baranda. Sai a sa a ciki. Duk ranar da muka tashi, mu ɗauka mu taho da ita Madina."

Yaron yana so ya sauƙaƙa mini ne, na sani. Na ce, "A'a. Ba a tukunya ba. Je ka kira Fatuma."

Fatuma ta zo da ɗan shebur, ko mamaki ba ta yi ba, ashe su ma suna binnewa, wasu har a harabar makaranta don yaro ya yi ilimi. Abdulkarim ya haƙa a gefen ɓauren. Na kwance ƙullin. Na miƙa masa, don uba ke sawa. Na jefa ƙwallon ajwa a kai, na jefa jauz ɗaya na Halima, duk wanda ƙasar ta karɓa. Na yi bismilla na ce, "Allah ya zaunar da ku lafiya. Na sa albarka." Safiya ta faɗa jikina tana kuka da Larabci. Na ce, "Ke, tashi, kukan ya isa. Je ki kwance kwalayen nan. Tukunyar da na saya da kuɗina ba za ta tsufa a kwali ba." Ranar har la'asar muna rataya labule, Fatuma a kan kujera tana ba da umarni. Muciya ma na bar wa Safiya, na dawo babu ita.

Da na sauka Madina, kafin in je gida na ce Usman ya biya da ni maƙabartar Baƙi'a. Mu mata iyakarmu katanga, kuma ba suna a kan kowa, amma na san kusurwar da marigayi yake. Na yi sallama, na yi addu'a, sannan na ce, "Malam, na je na dawo. Takwaranka ba zai zo gindin dabinonka ba. Ya yi gida a can, kuma ni na ba shi."

Shekaranjiya Safiya ta kira ta nuna mini a waya, wani ɗan kore ya tsago ƙasa a gefen ɓauren. Ta ce dabino ne, Abdulkarim ya ce jauz ne, Fatuma ta ce ciyawa ce. Na ce kada wanda ya taɓa shi.

Iyakar abin da na gani ke nan, Malama, ajiye alƙalami. Gyalen kuwa ga shi a kafaɗata. Mai shakka ta zo ta sa yatsa a hujin, amma kada wadda ta kawo mini allura.